Gayya, Gidauniya da Littafin Ma'aji

Duk wanda ya bi titin da ya tashi daga Kano ya ratsa Rimin Gado da ƙasar Kabo har ya isa Gwarzo, tafiyar kimanin kilomita 70, zai yi ta cin karo da alluna a bakin hanya. Wannan rijiyar burtsatse wane ne ya gina ta, waɗancan azuzuwan gidauniyar wane ce ta gyara su, wancan masallacin wani bawan Allah ne ya ɗauki nauyinsa. Idan alluna ne ma'auni, taimakon jama'a bai taɓa bunƙasa a wannan yanki kamar yanzu ba, kuma ban ga dalilin musanta cewa kuɗin da ake bayarwa a yau sun ninka na da nesa ba kusa ba. Abin da ya ragu shi ne yawan hannuwan da ke cikin aikin. A da mutum ɗari ne ke yin abu guda, kowa da ɗan abin da ya kawo. Yanzu mutum guda ke yi, ɗari su taru su yi godiya. Ra'ayina shi ne wannan sauyi ya raba jama'a da abubuwa biyu da ba a saye da kuɗi: jin cewa abin nasu ne har su gyara shi in ya lalace, da bakin tambayar inda kuɗi suka shiga.

A koma kan gayya tukuna, domin ana yawan yabonta ba tare da an duba yadda take tafiya ba. Mai gona yakan aika da goro ga shugaban samari ko sarkin noma, a tsayar da rana. Ran nan matan gidansa su dama fura ko kunu, a tuƙa tuwo, makaɗa su zo da gangar noma, samari su jeru a kunya-kunya su gama huɗar da za ta ci shi mako guda kafin azahar. Wanda ya kalli wannan daga nesa zai ce kyauta ce, alhali bashi ne da kowa ya san adadinsa. Wanda aka yi wa yau, gobe sai ya tura ɗansa gonar wani. Wanda ya noƙe ba tare da uzuri ba, an gan shi, kuma ranar da ya kira tasa gayyar zai gane an gan shi. Haka ake yaɓen masallaci kafin damina ta sauka, haka ake yashe rijiya, a share maƙabarta, a cike inda ruwa ya zaizaye hanyar kasuwa. A ɓangaren mata kuma ga adashi, ga gudummawar biki, wadda uwar ɗiya ke riƙe lissafinta a ka shekara da shekaru, ta san wadda ta kawo mata kwalla da wadda za ta mayar wa. Babu rasit a cikin wannan duka, kuma ba a bukatarsa, saboda mai bayarwa da mai karɓa da mai sa ido mutane ɗaya ne, suna sallah a sahu ɗaya. Ba a iya sace huɗa, ba a iya ƙara wa yaɓe farashi. Aikin yana nan a fili, kowa na iya zuwa ya duba.

Masu cewa ana yi wa zamanin da kwalliya suna da gaskiyarsu, kuma ya kamata a ba su ita cikakkiya. Ba duk aikin taro ne aka yi da son rai ba. A zamanin En'e an sha tara talakawa su nome gandun masu sarauta ko su share hanyar mota ba ko sisi, kuma irin wannan danniya na cikin abin da ya sa NEPU ta samu karɓuwa a karkarar Kano bayan kafa ta a 1950, ya kuma sa soke haraji da jangali da Gwamna Abubakar Rimi ya yi a 1979 ya zama abin da tsofaffi ba su manta ba. Ita kanta gayyar gona ta fi yi wa mai hali rana, domin sai mai hatsin ciyar da samari talatin ne ke iya kiran ta, kuma tsohuwar da ba ta da ɗa namiji ba ta da abin ramawa. Raguwarta ma ba laifin wayar hannu ko lalacin yaran yanzu ba ne. Tun a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da Polly Hill ta yi bincikenta a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta tarar ƙwadagon kuɗi ya riga ya zama ruwan dare a gonaki. Ga ci-rani yana kwashe samari, ga gonaki suna raguwa da rabon gado, ga garmar shanu ta shigo, daga baya maganin feshi ya rage noman hannu. Babu mai dawo da wancan zamani, ni ma ba shi nake nema ba. Abin da ya cancanci a tsamo daga cikinsa guda ɗaya ne: tsarin da kowa ke sa wani abu, kowa kuma ke ganin abin da aka yi da shi.

Wannan tsari bai mutu da raguwar gayya ba, ya sake kama ne. Bayan gyaran ƙananan hukumomi da shirin ilimin firamare kyauta na 1976, ƙauyuka suka fara samun 'ya'yansu a aikin gwamnati da kasuwanci a Kano da Kaduna da Legas. Su ne suka kakkafa ƙungiyoyin ci gaban gari, waɗanda ke zama da Sallah lokacin da kowa ya dawo gida, da ƙungiyoyin ɗalibai masu koyar da ƙannensu kyauta a dogon hutu. A gefe guda ga 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, na Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a 1962, da na Fityanul Islam, da na Izala da ta zo a 1978, masu tsare sahu a filin idi da ɗaukar marar lafiya da kula da taron wa'azi, sannan FOMWAN ta fito a 1985 ta tattara mata a kan makarantu da lafiya. Da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya matse gwamnati, sai taimakon kai da kai ya zama dole, gwamnatin Babangida ma ta riƙa ƙarfafa kafa irin waɗannan ƙungiyoyi ta hannun hukumar raya karkara ta DFRRI. A wannan mataki gumi ya koma kuɗi, amma hannuwan suna nan da yawa. Akwai kuɗin wata, akwai kati, akwai tarar makara, akwai ma'aji da littafinsa da ake karantawa a gaban taro. Malamin firamare da ya ba da naira biyu yana da ikon miƙewa ya ce bai gamsu da kuɗin siminti ba, kuma dole a ba shi amsa.

Bikin ƙaddamarwa ne ya fara juya al'amarin. A tsakiyar shekarun 1980, zamanin Gwamna Ahmed Daku, aka kafa Gidauniyar Jihar Kano, attajirai suka zuba dukiya a bainar jama'a, abin ya burge kowa. Daga nan salon ya gangaro har ƙauye: a kafa rumfa, a jera kujeru, a ɗauko lasifika, a nemo uban taro da babban baƙo da babban mai ƙaddamarwa. A sanar da abin da kowane babba ya bayar, a yi tafi, a tashi. Waɗanda suka taɓa riƙe littafin irin wannan taro sun san tazarar da ke tsakanin alkawarin da aka faɗa a lasifika da kuɗin da suka shigo hannu, sun kuma san nawa hayar rumfa da abincin manyan baƙi suka lashe. Amma ɓarnar da ta fi wannan ita ce ta mayar da ƙaramin mai bayarwa ɗan kallo. Wa zai miƙe da naira ɗari biyar bayan an gama tafa wa mai miliyan? Da siyasa ta dawo a 1999, aka kuma shigo da ayyukan mazaɓu da suka kai naira biliyan 100 a kasafin tarayya na shekara, sai hanyar samun famfo ko aji ta zama ta sanin wanda za a je wurinsa. Gwarzo da Kabo, waɗanda kujera ɗaya suke rabawa a Majalisar Wakilai, Allah ya hore musu manyan 'ya'ya. Abdullahi Tijjani Gwarzo ya yi mataimakin gwamna daga 2007 zuwa 2011, aka kuma rantsar da Aminu Abdussalam Gwarzo a wannan kujera a 2023. Bello Hayatu Gwarzo ya daɗe yana wakiltar Kano ta Arewa a Majalisar Dattawa har zuwa 2015, Barau Jibrin ɗan Kabo ya zama mataimakin shugaban majalisar a 2023, ga kuma Farfesa Adamu Abubakar Gwarzo da ya kafa Jami'ar Maryam Abacha a Maradi a 2013, ya kuma buɗe ta Kano daga baya. Garin da ke da irin waɗannan mutane, ba abin mamaki ba ne ƙungiyarsa ta ga rubuta takarda da kai ziyara sun fi bin gida-gida karɓar kuɗin wata sauƙi.

Za a ce, to mene ne aibun haka? Ɗalibai 70 da gidauniyar Barau Jibrin ta tura karatun digiri na biyu a ƙasar waje, wane karo-karon ƙauye ne zai iya tura ko biyu daga cikinsu? Babu. Akwai ayyukan da sai babban hannu, kuma wanda Allah ya ba ya fitar ya cancanci addu'a, ba zargi ba. Matsalar tana ga abin da ke biyo bayan yanke ƙyalle. Famfon tuƙa-tuƙa robarsa takan cinye, sandarsa ta karye. Burtsatse mai sola injin da ke cikin ramin yakan ƙone, ko a wayi gari an kwance farantan. Gyaran sau da yawa bai kai kuɗin ragon suna ba, amma sai abin ya shekara a tsaye, yara suna wuce shi da jarkoki zuwa tsohuwar rijiya, saboda a zuciyar mutanen unguwa famfon na wanda sunansa ke jikin allo ne, shi ake jira ya turo. Sannan wanda aka yi wa kyauta kunya ba ta barin sa ya tambayi nawa aka kashe, ko me ya sa ɗan kwangila ya tsaya a zurfin da ruwa ke ƙafewa da bazara. Ga kuma rarrabuwar kai: ƙungiyar da ta jingina da mutum ɗaya takan ɗauki launin hularsa ko da ba ta yi niyya ba, rabin gari ya janye, ranar da ya faɗi zaɓe kuma ita ma ta kwanta. Ƙidayar 2006 ta ba Gwarzo mutum sama da 180,000, Kabo sama da 150,000, yanzu kuwa sun wuce haka sosai. A garuruwa irin Getso ko Garo ko Kutama, magidanta dubu da za su riƙa ba da naira 500 a wata sun tara miliyan shida a shekara. Ba za ta gina asibiti ba, amma ta isa ta hana kowane famfo a garin kwana bakwai a lalace.

Amsar da aka fi bayarwa ita ce mutane ba su da kuɗin karo-karon, musamman tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kwanon masara da kuɗin mota suka tashi. Talauci gaskiya ne, amma shaida ba ta nuna ya hana talaka bayarwa ba. In taransifoma ta ƙone, cikin 'yan kwanaki ake bin gidaje a haɗa kuɗin gyara. Ana biyan 'yan sintiri. In aka yi rasuwa, ba a rasa masu haƙa kabari da mai kawo likkafani, ba kuma wanda ke jiran sanata. Manomi yana fitar da zakkar hatsinsa, ɗaya bisa goma in noman damina ne, ɗaya bisa ashirin in ya sha wahalar ban ruwa, tun a bakin masussuka. Misalin da ya fi ƙarfi shi ne na fatun layya da Izala ke tarawa duk shekara: fata guda ba ta da wani kuɗin kirki, amma da yake ana karɓa daga gida-gida ta hannun 'yan agajin da aka sani, a sayar, a kuma sanar da abin da kowace jiha ta tara, sai ta zama miliyoyin da ake gina makarantu da masallatai da su. Ko mutum yana tare da ƙungiyar ko ba ya tare da ita, darasin a bayyane yake. Talaka yana bayarwa a inda ya san mai karɓa kuma yake ganin sakamako. Inda ya riƙe hannunsa, galibi an taɓa karɓa ne aka yi shiru, rijiya ta bayar guga ya hana.

Wayar hannu ta dawo da ƙananan hannuwa fagen, kuma a ganina wannan ne abu mafi kyau da ya faru ga taimakon jama'a a shekarun nan. Ɗan Lakwaya da ke dako a Legas, ko 'yar Gude da ke aure a Fatakwal, suna iya tura dubu ɗaya cikin minti guda su ga sunansu a zauren WhatsApp na garinsu. A Kano, Fauziyya D. Sulaiman ta yi suna wajen tara wa marasa lafiya kuɗin magani ta Facebook, matasa da dama a ƙananan hukumomi suka bi sahu. Sai dai wayar ta dawo da yawan hannu ba tare da ta dawo da ido ba. Mai turo kuɗi daga nesa bai san marar lafiyan ba, bai san mai lambar asusun ba, kuma sau da yawa asusun na mutum ɗaya ne, kuɗin taimako na cakuɗe da na cefanensa ko da shi mai amana ne. Tausayi kuma yana bin hoton da ya fi tayar da hankali, har a kai ga tallata tsiraicin marar lafiya da hawayen uwarsa kafin a samu abin da ake nema. Kwalbatin da ya toshe da rufin aji da iska ta yaye ba su da irin wannan hoto, don haka ba su da masu tara musu. Maganin ba boyayye ba ne, ƙungiyoyin da suka daɗe sun san shi: asusu da sunan ƙungiya, sa hannun mutum biyu ko uku kafin a cire ko kwabo, a biya asibiti kai tsaye maimakon a miƙa kuɗi a hannu, a kuma sa takardar banki a zaure duk ƙarshen wata.

A nan wasu kan kawo hujjar addini, su ce sadaka a ɓoye ta fi lada, yawan bin diddigi kuma munana zato ne ga bayin Allah da suka sadaukar da lokacinsu. An haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Mai bayarwa yana da damar ɓoye sunansa, a rubuta wani bawan Allah. Mai riƙe dukiyar jama'a ba shi da damar ɓoye lissafi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. A Bukhari da Muslim an ruwaito yadda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi wa Ibnul Lutbiyya hisabi bayan ya dawo daga karɓar zakka, ya kuma hana shi riƙe abin da ya ce kyauta aka ba shi. In sahabi bai fi ƙarfin a tambaye shi ba, ma'ajin ƙungiyar unguwa bai kamata ya ji an ci mutuncinsa don an ce ya karanto littafi ba. Hasali ma littafin kariya ce gare shi, domin mutanen kirki da yawa sun gudu daga riƙe kuɗin jama'a ne saboda zargin da ba su da takardar wanke kansu daga gare shi. Jihar Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, amma wakafi, wato a tsayar da gona ko shago ana ciyar da marayu da kuɗin hayarsa, har yanzu bai samu gindin zama a karkara kamar gina masallaci ba, kuma ina kyautata zaton rashin amincewa da masu kula ne babban dalili.

Batun masu aikin sa kai kansu ya fi wuyar warwarewa. Bayan da Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna a 2003 ta dawo da shi a 2004, yaƙin ya dogara ƙwarai da mata masu bin gida-gida suna lallashin iyaye, kuma da wahalarsu aka kai ga ayyana Nijeriya ta rabu da cutar a watan Agustan 2020. Ana ba su ɗan alawus, sun kuma cancanci fiye da shi. Amma shekarun da aka yi ana irin waɗannan shirye-shirye na ƙungiyoyin waje sun bar wata al'ada: da an kira taro, tambayar farko ita ce ko akwai kuɗin zama. Dattawa kan yi tsaki su ce yaran yanzu ba sa aikin Allah. Ban ga adalci a nan ba. Saurayin da ya gama karatu ba aiki, in aka ce ya bar acaɓarsa wuni guda, abincin gidansu aka taɓa, kuma shari'a da kanta ta sa ma'aikatan zakka cikin rukuni takwas da ke da rabo a cikinta. Aikin da ke cin wuni a biya shi, a rubuta a littafi kowa ya gani. Abin da ke kashe gwiwa shi ne a ce wa yara aikin lada ne alhali shugabanni sun karɓi kuɗinsa. Ayyukan da ba sa cin wuni kuwa suna nan birjik, kuma da yawansu ba su da masu yi: ba da jini a Babban Asibitin Gwarzo, koyar da lissafi da Turanci ga masu shirin jarrabawa a lokacin hutu, yashe magudanar ruwa kafin watan Yuni, zama a kwamitin kula da makarantar firamare ko kwamitin lafiya na mazaɓa. Waɗannan kujeru biyu na ƙarshe tsarin gwamnati ne ya tanade su domin mutanen gari, amma a wurare da yawa sunaye ne kawai a takarda.

Saura masu cewa duk wannan ɗauke wa gwamnati nauyi ne, kuma kowane famfo da jama'a suka gyara da kuɗinsu ya ba wani jami'i damar yin gaba da kuɗin gyaransa. Haɗarin yana nan, ba na raina shi. Ruwa da makaranta da asibiti haƙƙi ne a kan hukuma, ba alfarma ba. Amma a duba su wa ke iya tsayawa gaban shugaban ƙaramar hukuma su nemi bayani. Waɗanda suka saba zuwa da takardar roƙo ba za su iya ba, domin gobe ma za su dawo roƙo. Waɗanda suka gyara famfo takwas da kuɗinsu, suna riƙe da rasit, sun san farashin kowane bututu, su ne za su iya cewa ga abin da muka kashe, ina naku? Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma ko yaya aiwatar da hukuncin ya kasance, adadin da ake ware wa Gwarzo da Kabo daga asusun tarayya ana wallafa shi kowane wata. Duk sakataren ƙungiyar da ke da waya zai iya nemo shi, ya karanta wa mutane a taron wata bayan ma'aji ya gama karanta nasa, sannan a zaɓi mutum uku su tafi sakatariya su tambayi nawa aka sa a kasafin bana domin gyaran rijiyoyin mazaɓarsu.